Ɗan Farin da Ban Rubuta Ba

Na ji ku tun daga bakin ƙofa. Wai aikin nan mene ne a cikinsa, ka yi sallama, ka karanta tambaya, ka danna amsa a wannan faffaɗar wayar da aka raba muku, ka wuce gida na gaba. Ke mai jan mayafi, ke kika ce ko ƙanwarki ta firamare za ta iya. Kada ki sunkuyar da kai, 'yata, ni ma haka na ce ranar da na fara, kuma na fi ki baki. Sunana Hawwa. Shekara talatin da 'yan kai ina yawo da tambayoyin masu bincike a ƙasar Gadarif, daga unguwannin cikin gari har kan iyakar Gallabat. An ce in zo in yi muku magana kafin a sake ku cikin gidajen jama'a. To, ku kifa wayoyin a kan tebur. Ni da bakina na taɓa yin tambaya ɗaya, daidai yadda take a rubuce, ban ƙara ba ban rage ba, ta raba uwa da ɗanta kusan shekara biyu. Ita zan ba ku, amma bari in fara da inda na koyi aikin.

Aikina na farko, wata malamar jami'a ce ta zo daga Hartum, Duktora Nafisa, tana bincike a kan zaman iyali a ƙauyukan noma. Hausa kuwa ko zo in kashe ki ba ta ji. Ni na gama sakandare ina zaune a gida, bakina biyu, Hausa da Larabci. Ta ba ni istimara, takardar tambayoyi mai shafi tara, ta ce in mayar Hausa. Yini ɗaya na gama, na kawo ina taƙama. Ta ɗauki Hausata ta ba wani malamin makaranta ya mayar Larabci ba tare da ya ga ta asali ba, sannan ta jera biyun a gabana. Ya salam! Rabin tambayoyin sun sauya kama a hannuna. Inda ta rubuta me kike yi idan yaro ya yi zazzaɓi, ni na rubuta kina kai shi asibiti, ko ba haka ba? Ta ce, "Ya Hawwa, wannan ba tambaya ba ce, kin sa mata amsa a baki. Wace uwa ce za ta ce miki a'a?" Sati biyu muka yi a kan shafi taran nan, muka gwada su a gidajen unguwarmu, muka dawo muka sake gyarawa.

Kayan aikina duka jaka ɗaya ce. Fensir biyar da nake ferewa da reza tun daga gida, don biro tsiyaya yake yi a zafin Gadarif. Leda mai kauri ta naɗe takardu saboda damina. Rikoda da kaset, da batir a ƙulle cikin tsumma. Tob ɗina na lulluɓi mara ado, takalmin roba, ba zinariya, ba turare. Duktora takan ce idan kika shiga gidan da ba a ɗora tukunya ba kina ƙamshi, amsar da ake ba gwamnati za a ba ki. Sai kuma ƙaramin littafi da nake rubuta abin da ido ya gani, ba abin da aka gaya mini ba. A wata hilla, ƙauye ke nan, na tambayi gida ashirin ko suna tafasa ruwan sha. Duka suka ce sosai ma kuwa. Na zauna kwana uku ina shan jabana, gahawa ke nan, da matan, ban ga an ɗora ruwa a wuta ba sai na shayi da gahawa, don itace ya yi tsada kuma kowa ya san amsar da malamar asibiti take so. Ba ƙarya suka yi mini ba, mutunci suka yi mini. Gani ya kori ji, shi ya sa littafin nan ya fi mini rikoda daraja.

Zaɓen gida ma ilimi ne. Duk hillar da muka sauka, shehun hilla zai tarbe mu da shayi, sannan ya ce zai sa a kai mu gidajen mutanen kirki. Gidan ƙaninsa ke nan, da na surukinsa, da na limami. Duktora sai ta yi masa godiya har ya ji kunya, ta rubuta lambobi a ƙananan takardu, ta ari hularsa ta zuba, ta ce ya ɗebo ɗaya da hannunsa mai albarka. Daga lambar da ya ɗebo za mu fara, mu tsallake gida shida mu shiga na bakwai. Ko da kare a ƙofar, ko da guttiyar, bukkar gidan, ta karkace, nan za ki shiga. In ba kowa, ki dawo har sau uku, ba a musanya shi da gidan maƙwabciya mai fara'a. In kuma mata aka tara a ƙarƙashin rakuba, rumfar inuwa, don tattaunawa, ki nemi wadda ta fi kowa baki, ki damƙa mata rabon gahawa. Kafin ta gama zagaye, mai shirun da ke can baya ta faɗi abin da kika zo nema.

Masu ba mu aiki kuwa iri-iri ne. Akwai ɗalibin da ya riga ya rubuta amsarsa tun a Hartum, ya zo neman mutanen da za su yarda da shi. Akwai mai son komai ya zama lamba, in ka ce masa mace ta yi kuka sai ya ce a wane gurbi za a sa. Akwai na kirki masu zama a tabarma su ci tuwo da hannu. Kowa na yi masa aiki, amma ba wanda na taɓa cika wa istimara a gindin bishiya da kaina. Na san masu yi. Allah ya shirye su.

Yanzu ga shekarar. Ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta fitar da kai ba, riɗi ya bushe a tsaye. Wata ƙungiyar agaji ta nemi Duktora ta gano yadda gidaje suke ci, kuma suna son amsa da wuri. Aka ɗora mana istimara goma sha biyu a yini, alhali da shida muke yi. Muka sauka a wata hillar Hausawa kusa da Mafaza, a bakin kogin Rahad. Sunayen da zan faɗa ba nasu ba ne, kuma da izininsu nake ba da labarin, ku riƙe wannan ma.

Gida na ƙarshe a ranar, na wata bazawara ce, Inna Maryama. Rana ta yi sanyi, direba yana ta danna mini oda daga bakin hanya. Na tarar da tsakar gida cike: uwar mijinta a kan angare, gadon igiya, ƙannen mijin su biyu sun zo gaisuwa, yara, da wani saurayi dogo yana gyaran igiyar guga a jikin danga. Ka'ida ta ce tambayar haihuwa ana janye mace gefe ne a yi mata ita kaɗai. Na sani sarai. Na dubi rana, na ji oda, na ce kai, ai gidan Hausawa ne, 'yan uwana ne, me za a ɓoye? Na buɗe takarda a gaban kowa.

"Inna, 'ya'ya nawa kika haifa?"

Ta ja mayafi ta dubi ƙasa. "Huɗu."

Ta jero sunayensu, na rubuta. Na nuna saurayin da fensir. "Wannan fa?"

"Na wajen kawunsa ne," in ji ta, muryar can ƙasa.

Tsohuwa ta yi 'yar dariya, ban tambayi dalili ba. Istimara ta ce ɗan gida shi ne wanda ya yi wata shida yana ci daga tukunyar gidan. Na tambaya, aka ce watansa biyu da zuwa. Sai na sa shi a layin baƙi. Kuma da yake an koya mini in maimaita amsa don a tabbatar, na ɗaga murya na karanta: 'ya'ya huɗu, wane da wane da wance da wance, baƙo ɗaya. Saurayin ya ajiye igiyar a hankali ya fita. Na rufe jaka na ruga mota, ina murna na cika goma sha biyu.

Ku da kuka tashi a cikin gari wataƙila ba ku gane ba tukuna. Ɗanta na fari ne. A wajen iyayenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ƙirga shi a gaban surukai, ba ta sakar masa fuska, kunya ce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan tun ina goye. Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunan yayana ba. Da Duktora ce ta yi kuskuren, sai in ce baƙuwa ce. Ni 'yar gida ce, takarda ce ta shiga hannuna na manta gidanmu.

Ban san ɓarnar da na yi ba sai da shekara ta zagayo, muka koma gidajen nan don a ga abin da ya sauya. Halima, 'yar Inna Maryama ta biyu, ta tare ni a bakin danga ko gaisuwa ba ta gama ba. Ta ce saurayin nan yayanta ne, Adam. Tun yaye kawunsa ya tafi da shi Bur Sudan, ya girma cikin Larabawa, inda ake kiran uwa da sunan ɗanta na fari, Ummu wane, tana amsawa da alfahari. Aikin tashar jirgin ruwa ya tsaya masa ya dawo gida, ya tarar da uwar da ba ta kallonsa. An yi ta gaya masa al'ada ce, yana haɗiyewa da ƙyar. Sai ga ni na zo da takarda mai hatimi, na karanta a gaban dangi cewa ba ya cikin 'ya'yanta. Washegari da asuba ya ɗauki jakarsa. Tun daga nan ba wasiƙa, ba saƙo, ba wanda ya ce ya gan shi.

Na shiga na gaida Inna. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ba ta tayar da maganar ba, ta sa aka kawo mini ruwa, ta amsa tambayoyina duka. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da kaka ta zo, Duktora ta fara wani bincike a kan jangu, 'yan ƙodagon da ake kwasa daga kasuwar Gadarif zuwa manyan gonaki. Na ce a sa ni. Wannan ba aikin istimara ba ne. Zama ake yi da mutane a kambo, sansanin bukkokinsu na cikin gona, a ci abin da suke ci, a sha ruwan hafir, haƙaƙƙen tafkin da suke sha, a riƙe lauje a yi yankan riɗi tare da su har su manta da ke. Sati na farko tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe, matan da ke dafa musu abinci suna yi mini dariya suna shafa mini man riɗi. Riɗi ba ya jira, in ya nuna aka yi jinkiri sai ya fashe ya zube a ƙasa, don haka ba mai lokacin hira sai an tashi cin abinci. Kambo huɗu na zauna, ko'ina ina duban fuskar dogayen samari.

A na biyar, can wajen hanyar Gallabat, Adam ne ya gan ni. Ina zaune a inuwar tirela ina rubutu, sai inuwar mutum ta rufe mini littafi.

"Ya Ustaza, kin gane ni? Ni ne baƙo ɗaya."

Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. Ya ce ba haƙuri ya zo nema ba. Ya ga ina ɗaukar maganar mutane a rikoda, shi ma yana so a ɗauki tasa. "Tunda ba ki rubuta ni a can ba, rubuta ni a nan."

Kafin kowace hira akwai alkawarin da muke karantawa, ku ma yana cikin wayoyinku, kada in ji kun tsallake shi. Na karanta masa: abin da ka faɗa ba zai fita da sunanka ba, ba wanda zai san inda na same ka, kuma kana iya tashi duk lokacin da ka so. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ba wanda zai sani. Har gidanmu?"

Na fara kame-kame. Ya ce, "Har gidanmu, ya Ustaza, ko in tashi."

Na ce har gidanku.

Kaset guda ya cika. Ya ba da labarin Bur Sudan, da tasha, da yadda ya koyi riƙe lauje. Da Hausarsa mai nauyin Larabci ya ce shi bai yi fushi ba, kawai ya gane cewa wanda aka bayar tun daga yaye ba a ajiye masa wuri. In riɗi ya ƙare zai bi wasu abokansa ya tsallaka iyaka, daga can kuma inda Allah ya nufa. Saura kwana goma a gama yanka.

Na koma Gadarif na sami Duktora, na zayyana mata komai, na ce gobe zan je Mafaza in gaya wa uwar inda yake. Ta cire tabarau ta ce, "La, a'a, ya Hawwa. Kin yi alkawari. Yau ki karya shi don alheri, gobe wani ya karya don sharri, jibi ba ɗan ƙodagon da zai sake buɗe mana baki." Na ce to in zuba ido ya ɓace? Na yi mata tsawa, ni da ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Maganarsa ce kika ɗaure. Ta uwar fa? Kin taɓa tambayarta yadda ya kamata a tambaye ta?" Ta miƙo mini sababbin kaset biyu.

Hira mai zurfi ba a fara ta da rikoda. Ranar farko a gidan Inna Maryama ban tambayi komai ba. Na zauna a madafa na taya ta tsince dawa, muka yi maganar ciwon gwiwa da tsadar gawayi. Rana ta biyu da hantsi tsohuwa ta tafi barka, yara suna makaranta, Halima ta tafi rafi. Na ce, "Inna, ina so in ɗauki maganarki, in kin yarda." Ta ce to. Ban tambaye ta suna ba, ban tambaye ta lamba ba. Na ce, "Ba ni labarin daminar da kika fara zama uwa."

Ta yi shiru. Nan ne sabon ma'aikaci yake ɓata aiki, shiru ya ba shi tsoro ya jefa wata tambayar. Duktora ta koya mini in ƙirga ashirin a zuci. Na ƙirga ashirin sau huɗu, kaset yana ta juyawa a banza. Sannan ta fara, idonta a kan faifai.

"Shekarar ruwa ya yi yawa, laka ta rufe hanya. A guttiyar can ta baya aka haifi wancan. Ban dube shi ba sai da mata suka fita, sannan na buɗe zanen na ƙirga yatsunsa. Da aka yaye shi kawunsa ya zo. Aka ɗora shi a lori yana miƙo hannu, ni ina tsaye ina tankaɗe, ban ɗaga kai ba. Kowa yana yabona, wai yarinyar nan akwai kunya. Garin da na tankaɗe ranar nan zubar da shi aka yi, ya jiƙe."

Ta tsince tsakuwa ta yar.

"Tun daga ranar, duk tukunyar da na ɗora sai na ƙara tafi ɗaya, rabon wancan. Tsohuwa ta yi faɗa har ta gaji. Shekarar da kika zo ma, da muke auna dawa kamar magani, ban fasa ba. In bai zo ya ci ba, wanda Allah ya kawo ya ci. Da ya dawo, wata biyun nan, ni kaɗai na san daɗin da na ji, ina ganin ƙwaryarsa tana dawowa a suɗe."

Sai ta ɗago ta dube ni, karo na farko.

"Ranar da kika zo da takardarki, me zan ce? Uwar mijina tana zaune, ƙannensa suna zaune. Na ji Hausa a bakinki, na ce wannan 'yar gida ce, za ta ƙara da kanta."

Na kashe rikoda don kada ta ɗauki kukana. Ita ce ma take ce mini ma'alesh, ba komai, 'yata, ƙaddara ce. Can ta ce, "Ke da kike yawo cikin gonaki, kin gan shi?"

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma ranar nan nawa ya kusa fashewa. Na ce, "Inna, aikina bai bar ni in faɗi wanda na gani ko wanda ban gani ba. Abu ɗaya nake roƙo. In yawona ya haɗa ni da wanda ya kamata ya ji kaset ɗin nan, kin yarda in sa masa?" Na san ko wannan ma ya taɓa gefen alkawarin, har yau ina tunaninsa. Ta daɗe tana kallona. Ba ta ƙara tambaya ba, mace ce mai hankali.

"Ki sa wa wancan," in ji ta. "Shi kaɗai."

Komawa kambon ta ci mini kwana uku. Ruwan ƙarshe ya sauka, kun san baƙar ƙasarmu in ta sha ruwa, lori ya nutse har gindi. Muka sauka muna turawa, na rasa takalmi ɗaya a laka, kaset yana ɗaure a ƙirjina cikin leda. Na isa ranar da ake yanka fegi na ƙarshe, wasu har sun fara ɗaure kaya. Da aka tashi cin abinci na kira Adam inuwar tirelar nan. Na ce ban gaya wa kowa inda yake ba, ban kai maganarsa ko'ina ba. Ga maganar wata da ta yarda ya ji, in ba ya so in mayar jaka. Ya ɗaga kafaɗa. Na danna.

Muryata ta yi tambayar, sai shiru, sai kukan kaza daga nesa. Ya ce, "Ya lalace."

Na ce, "Bai lalace ba. Jira ta."

Ya jira. Da muryar ta fito ya gyara zama. Bai motsa ba har ƙarshe, laujensa a kan cinya. Ya ce in mayar, na mayar, ya sake ji tun daga shirun. A wajen tafi ɗayan nan ya sa hannu ya tsayar da rikodar da kansa.

"Har yanzu tana ƙarawa?"

"Da idona na gani, kwana biyun da na yi."

Ya tashi ya koma gona. Na zauna ina kallon bayansa yana yanka, ina cewa a raina shi ke nan, na yi iyakar abin da aikin ya bar ni. Da la'asar aka gama fegin. Abokansa suka hau tirelar da za ta bi hanyar iyaka, suna kiransa. Sai ga shi da jakarsa a kafaɗa, ya tsaya a kaina.

"Yaya Hawwa, na sake ki daga alkawarin. Akwai wuri a lorinku?"

Mun shiga hillar washegari da hantsi. Halima ce ta fara hango shi, ta yar da tulu ta ƙwala ihu. Maƙwabciyarsu Balarabiya ta leƙo ta kan danga ta rangaɗa guɗa, yara suka yi ca a kansa, tsohuwa tana ta salati daga kan angare. Ni na riga shi shiga, ina tsaye a bakin madafa kusa da Inna Maryama. Na san abin da za ta yi, ban san ko shi zai iya ɗauka ba.

Ya zo ya durƙusa ya gaishe ta. Ta juya masa gefe, ta ja mayafi, ta amsa a taƙaice kamar mai amsa wa ɗan aike. Ta ce, "Ke Halima, shimfiɗa wa wancan tabarma, ki ba shi ruwa." Fuskar nan ko gezau. Amma ta ƙarƙashin mayafin ta kama wuyan hannuna ta matse, ta matse, har na ji ƙashina yana ƙara. Na cije leɓe na tsaya. Ba ta sake ni ba sai da ya shanye ruwan ya ajiye kofi, sannan ta shige madafa ta hau hura wutar da take ci da kanta.

Na je na zauna a gefen tabarmar. Shatin yatsunta ya fito raɗau a hannuna, na ja tob zan rufe. Adam ya riga ya gani. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya dubi ƙofar madafa, hawaye yana bin gemunsa yana dariya.

"Ki yi haƙuri, Yaya," in ji shi a hankali. "Hannun Innata akwai ƙarfi."